Zazzaɓin da Jariri Ke Zuwa Duniya da Shi

A gidajenmu, har ma a bakin wasu ma'aikatan lafiya, akwai maganar da ta samu gindin zama: wai jariri sabon haihuwa ba ya yin zazzaɓin cizon sauro. In jikinsa ya yi zafi a makonnin farko, sai a ce iska ce ta buge shi, ko nonon uwar ne bai karɓe shi ba, ko kuwa bakin mutane ne ya kama shi ranar suna. Masu faɗin haka suna da hujjarsu. Yaron nan tun da ya faɗo yake a naɗe cikin zani, ga hula ga safa, ɗakin mai jego kuma kullum a rufe, ga garwashi ga turare. Yaushe sauro ya gan shi, balle ya cije shi? To, ba sai sauro ya cije shi ba. Wanda ya ciji uwarsa tana da ciki ya wadatar.

Idan macen sauro ta ciji mutum ta zuba masa ƙwayar cutar, ba nan take ƙwayar ke bayyana a jini ba. Hanta take fara nufa, ta yi kusan mako guda a can tana hayayyafa, sannan ta fito ta afka wa jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya sa in aka ɗibi jinin cibiya, ko jinin jaririn da bai kai ranar suna ba, aka ga ƙwayar maleriya a ciki, likitoci ba sa ɗora wa sauron ɗakin laifi, domin kwanakin ba su isa ba. Daga jinin uwa ta tsallako, ko dai tun cikin yana tsaye, ko kuma wajen naƙuda, sa'ilin da mabiyiya ke ɓamɓarewa, jinin uwa da na ɗa suka ɗan gauraya.

An daɗe ana koya wa ɗaliban likita cewa ba kasafai ake ganin haka ba a ƙasashen da maleriya ta yi katutu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Uwa tana ba ɗan cikinta wani kaso na garkuwar jikinta, ita ke tsare shi watannin farko, sannan irin jinin da ake haihuwar jariri da shi bai cika yi wa ƙwayar daɗin zama ba. Amma da masu bincikenmu suka sa ido sosai, sai aka ga abin ya wuce zato. A 2007 aka buga sakamakon wani bincike da Catherine Falade ta Jami'ar Ibadan ta jagoranta a asibitocin sassa daban-daban na Najeriya, inda aka duba iyaye mata 1,875 da jariransu. Jarirai biyar cikin kowane ɗari an same su da ƙwayar a jini. Galibinsu jikinsu ya kakkaɓe ta da kansa cikin kwana biyu, amma kusan ɗaya cikin uku na masu ɗauke da ita sun nuna alamun ciwo. Wasu binciken da aka yi a asibitoci ɗai-ɗai sun samu adadin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ko a kan biyar ɗin muka tsaya, ƙasar da ake haihuwar jarirai sama da miliyan 7 a shekara ba ta da bakin cewa abin ƙalilan ne.

Sai dai ba na son mu tsaya kan jaririn da ƙwayar ta tsallaka jininsa kaɗai, domin babbar ɓarnar tana aukuwa tun kafin ta tsallaka, a cikin mabiyiyar nan da muke binnewa a bayan ɗaki mu manta da ita. Ta nan abinci da iskar numfashi ke isa ga ɗan tayi tsawon wata tara.

Wanda ya girma a Kano ko Maraɗi ya sha zazzaɓi tun yana goye, jikinsa ya san ƙwayar, saifarsa na tace jinin da ya kamu tana kawar da shi. Mace ma haka take, har ranar da ta ɗauki ciki. Da mabiyiya ta kafu, an samu sabon wuri ke nan a jikinta wanda tsohuwar garkuwarta ba ta iya tsarewa. A 1996 wasu masu bincike biyu, Michal Fried da Patrick Duffy, da ke aiki a Kisumu ta ƙasar Kenya, suka gano cewa ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna manne wa wani sinadari da ke jikin mabiyiya, su maƙale a can, ba sa zagayawa balle saifa ta kama su. Bayan 'yan shekaru masana a Jami'ar Kofenhagen ta ƙasar Denmak suka gano abin da ƙwayar ke maƙalewa da shi, wanda ake kira VAR2CSA.

Abin da ke biyo baya, duk macen da ta taɓa tankaɗe da rariyar da dusa ta toshe ta san shi: gari na fita, amma kaɗan-kaɗan. Mabiyiya ta cika da ƙwayoyin cuta da na jikin da suka zo yaƙarsu, abincin da ke isa ga ɗa ya ragu. Sai a haife shi bai kai kilo biyu da rabi ba, ko ya zo bakwaini, ko a haife shi ba rai, ko cikin ya zube tun da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2018 masu ciki kimanin miliyan 11 ne suka kamu a ƙasashen Afirka da cutar ta fi ƙamari, abin da ya jawo haihuwar jarirai wajen 872,000 da nauyinsu bai kai ba, kuma Afirka ta Yamma ce a kan gaba. A 2022 adadin matan ya kai miliyan 12.7, fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu ciki a waɗannan ƙasashe. Jaririn da ya zo ɗan ƙarami shi sanyi ke saurin kamawa, shi ne ba ya iya jan nono, shi ƙaramar cuta ke kayarwa. Idan ya rasu a sati na biyu, babu mai rubuta maleriya a takarda, in ma akwai takardar. Za a ce ya koma, Allah Ya sa mai ceto ne, a ci gaba da wankan jego.

Ita kuwa uwar, jininta cutar ke sha a hankali. Jinin da mai lafiya za ta zubar wajen haihuwa ta tashi garau, shi ne zai kwantar da mai ƙarancin jini, a shiga neman wanda zai ba da jini da tsakar dare. Abin takaicin, da yawa daga cikin matan nan ba su yi zazzaɓi ko na yini ɗaya ba. Tana girkinta, tana shararta, sai dai kasala da jiri da tafin hannu da ya yi fari, a ce laulayi ne. Ko an tsaga yatsa an gwada, gwajin na iya nuna babu komai, domin ƙwayar tana can a ɓoye inda tsinken gwaji ba ya kaiwa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ba mai ciki maganin kariya alhali tana ganin lafiyarta ƙalau.

Jikin mace yana koyon hana wannan maƙalewa, amma sai ta hanyar ciki bayan ciki. Mai ciki na huɗu ko na biyar ta tara garkuwar da ke rage wa ƙwayar ƙarfin kama mabiyiya. Mai na biyu tana da kaɗan. Mai cikin fari ba ta da komai. In yarinya ce 'yar shekara goma sha shida ko sha bakwai, haɗarin ya ƙaru, haka nan in tana ɗauke da ƙanjamau.

A nan ne maganar ta shigo tsakar gidanmu. Wace mace ce a ƙasar Hausa ta fi kowa ɓoye cikinta? Mai cikin fari, wato dai wadda ta fi kowa bukatar a san da shi da wuri. Amarya ta yi ɓatan wata, na biyu ya biyo baya. Ba za ta faɗa wa uwarta ba, kunya. Uwar miji ta lura da ƙin cin tuwo da yawan tofar da yawu, ta gane sarai, amma ta kawar da kai; in ta yi magana da yawa, ta ce wa ɗanta, “Yarinyar nan a rage mata aiki.” Ango kuwa ba zai iya buɗe baki gaban mahaifinsa ya ce zai kai matarsa awo ba. Ga tsoron baki da na maita, wanda ke sa a ce a bar cikin sai ya fito da kansa. Haka za a yi ta kewaye-kewaye har wata na bakwai, a zo a ɗauke ta goyon ciki zuwa gidan iyayenta. A gidaje da yawa a nan ne ake fara zancen awo, in an yi shi ke nan. Wadda ta samu ciki da bazara ta riga ta ratsa damina gaba ɗaya, Yuli da Agusta da Satumba, lokacin da sauro ke cin karensa babu babbaka, ba ta haɗiyi ƙwayar kariya ko ɗaya ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 18 kacal cikin ɗari ke fara awo a watanni uku na farko a Najeriya, kuma a Arewa maso Yamma haihuwa 16 ce cikin ɗari ake yi a asibiti.

Ba na cikin masu cewa a yi watsi da kunya. Kunyar ɗan fari, uwa ta ƙi kiran sunansa ko ta ƙi yi masa wasa a gaban mutane, tarbiyya ce da muka gada, ba ta cutar da kowa. Amma kunyar da ke hana yarinya ganin ma'aikaciyar lafiya wata shida asara take jawowa, kuma a kan jaririn da uwarsa take ƙarewa. Malamai sun karantar da mu cewa ba a jin kunyar tambaya a sha'anin addini. Neman lafiya ma haka ya kamata mu ɗauke shi. Kuma zuwa awo ba shela ba ne. Yayarta ko gwaggonta na iya raka ta da sassafe su dawo, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani.

Maganin kariyar ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ƙwaya uku ce ta wanda aka fi sani da Fansidar, a haɗiye su lokaci guda. Iyayenmu sun san Daraprim da ake ba masu ciki kowace Lahadi, har ƙwayar cutar ta saba da shi ya daina tasiri. Shi ma Fansidar an daina warkar da zazzaɓi da shi, amma wajen kare mai ciki har yanzu yana aiki a yankinmu: yana wanke ƙwayoyin da suka ɓuya, ya kuma tsare ta na wasu makonni. Tun 2012 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara bayarwa daga sati na 13, wato da shigar ciki wata na huɗu, a maimaita a kowane awo muddin an samu tazarar wata guda, har zuwa haihuwa, kada ya gaza sau uku. Ba a shan sa a watanni uku na farko, ba a ba wadda ke shan Septrin kullum saboda ƙanjamau, ko wadda jikinta ba ya karɓar irin wannan magani.

Ranar 25 ga Afrilu, 2000, shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin cewa zuwa 2005 masu ciki 60 cikin ɗari za su riƙa samun maganin kariya. Daga wannan taro ranar maleriya da ake tunawa duk shekara ta samo asali. A 2018, a ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron, mata 17 cikin ɗari ne suka sha sau uku. A 2021 adadin ya kai 31. An motsa, amma har lokacin biyu cikin uku ba su samu ba, alhali Najeriya ce ke da kusan rubu'in masu kamuwa da maleriya a duniya da wajen kashi 30 cikin ɗari na masu mutuwa da ita. Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗun da rabin mace-macen maleriya na duniya ke aukuwa a cikinsu.

Duk wanda ya taɓa raka mace awo a ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye ya san yadda ranar take. Tun kafin hantsi benci ya cika, mata sun jeru da katinansu a leda, wasu goyo a baya ciki a gaba. Ma'aikaciya ɗaya ko biyu ce ke auna nauyi, ta auna jini, ta duba kwanciyar ɗa, ta rubuta. In an yi sa'a akwai maganin, ƙa'ida ita ce a sha a gabanta. Amma babu randa, babu kofi, mai ruwan leda yana can bakin ƙofa. Sai matar ta ce, “Anti, ban karya ba, in na je gida na sha.” Ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zani. A gida maƙwabciya ta ce, “Ke, Fansidar da ciki? Zafi gare shi, ɓari yake sawa.” Wata ta ce magungunan asibiti ƙaton ɗa suke sa mutum ya haifa, a ƙare da tiyata. Ƙwayoyin su ƙare a ƙarƙashin katifa. In ba a yi sa'a ba kuwa, a rubuta mata a 'yar takarda a ce ta saya a kemis, kuɗin da ke hannunta kuma na motar komawa ne.

Kowace daga cikin maganganun nan tana da amsa, in da mai lokacin bayarwa. Ana iya shan maganin ko ba a ci komai ba. Daga wata na huɗu ba ya zubar da ciki. Maleriyar da yake hanawa ita ce ke zubarwa. Ba ya sa ɗa ya zama ƙato, nauyin da cutar za ta ƙwace ne yake mayar masa. Akwai ma wani kuskure da ke fitowa daga ɗakin awon kansa: ƙwayar folik asid mai miligiram 5, in ana shan ta kullum, tana rage wa Fansidar ƙarfi. Mai 0.4 ake so mai ciki ta riƙa sha, amma babbar ce ta fi yawa a kantuna.

Rashin maganin a asibiti kuwa, ba ni da uzurin da zan ba kowace gwamnatin jiha a kansa. Yana cikin magunguna mafiya arha, kuma a Legas ake yin sa: a 2024 kamfanin Swipha ya samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ingancin nasa. Shekara da shekaru mun saki jiki, tallafin waje ke sayo mana gidan sauro da kayan gwaji da magani. Da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025, ya kamata kowa ya gane cewa abin hannun wani ba abin dogaro ba ne. Jihar da ke iya gina gadar sama tana iya ajiye ƙwaya uku da ruwan sha mai tsabta a kowane ɗakin awo.

Waɗanda ba sa zuwa awon fa? Mun san hanyar gidajensu. Gida-gida aka bi da ɗigon shan-inna, da taimakon sarakuna da masu unguwanni, har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Kowace damina ma'aikata na bin gida-gida a jihohin Arewa da cikin Nijar suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓi wata-wata. Su shiga gida, su ba yara, su wuce amaryar da ke zaune bakin murhu da cikin wata biyar. An gwada kai wa masu ciki nasu maganin har gida ta hannun ma'aikatan unguwa, a wani shiri mai suna TIPTOP da ya gudana daga 2017 zuwa 2022 a ƙasashe huɗu, ciki har da ƙaramar hukumar Bosso ta jihar Neja. Masu sha sau uku suka ƙaru sosai, kuma tsoron da ake yi cewa mata za su daina zuwa awo bai tabbata ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya. Abin da ya rage jihohinmu su ɗauka.

Dalilin da ya sa nake matsawa kan uwa shi ne, sabon jariri ba shi da wani maganin kariya nasa na kansa. Maganin damina sai ya cika wata uku. Allurar rigakafin maleriya, wadda aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, sai ya cika wata biyar. Kafin nan, abin da uwarsa ta sha tana ɗauke da shi, da gidan sauron da suke kwana ciki, su ke nan.

Shi kuwa jaririn da ƙwayar ta tsallaka jininsa ba ta fita ba, ba kasafai yake nuna ciwo ranar haihuwa ba. Sau da yawa sai an sha suna an watse, ya kai sati biyu zuwa huɗu. Uwar ta ga ya rage kama nono, ya kama ya saki, yana ta ƙananan koke-koke. Jiki ya yi zafi. Tafin hannu da na ƙafa su yi fari fat, ido ya koma ruwan ɗorawa irin na shawara, ciki ya ɗan ɗaga saboda saifa da hanta sun kumbura. Kaka ta jiƙa dauri, a aiki yaro kemis ya karɓo maganin ruwa. Mai jego ba ta yi arba'in ba, zancen fita bai taso ba. Kwana uku su shuɗe a haka.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ya gano maleriya ce, ya nufi kemis. Waɗannan alamu ba nata ba ne ita kaɗai. Mafi yawan jariran da suka yi haka wata cutar ce daban ta shiga jininsu, sau da yawa ta cibiya, kuma ita tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ido ba ya rarrabe su, ko da idon likita ne, sai gwaji. Saboda haka jaririn da bai kai wata biyu ba, in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, in ya ƙi nono, in numfashinsa ya yi sauri, in ya yi jijjiga, in tafinsa ya yi ruwan ɗorawa, asibiti za a kai shi a ranar, arba'in ko ba arba'in. Kada a gutsura masa ƙwayar manya. Fansidar ɗin da ke ceton uwa haɗari ne ga sabon jariri. In an je, a gaya wa likita ko uwar ta yi zazzaɓi da ciki, musamman dab da haihuwa, da ko ta sha maganin kariya. Kada kuma a cire shi daga nono don uwa na zazzaɓi. Cutar ba ta bin nono.

Ga ma'aikatan lafiya ma ina da roƙo. An sha ganin jariri ya kwana uku ana yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta, zazzaɓi bai sauka ba, sannan a tuna da gwajin maleriya. Ɗigon jini ɗaya ne daga diddige. A yi shi ranar farko, tare da sauran gwaje-gwajen. Yanzu ma an samu sauƙi ta wajen magani. A da babu wanda aka yi musamman domin jaririn da bai kai kilo huɗu da rabi ba, sai dai likita ya auna na manyan yara ya rage. A Yulin 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da Coartem Baby, na kamfanin Novartis, domin jarirai daga kilo 2 zuwa 5, yana narkewa har a cikin nonon uwa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen Afirka takwas da suka shiga tantance shi. Maganin hannun likita ne bayan gwaji, ba na ajiyewa a kwanon ɗaki ba.

Haka mai ciki in ta yi zazzaɓi, ba laulayi ba ne da za a ce ta daure. A gwada ta a ranar, in maleriya ce a yi mata magani cikakke. Tun 2022 an amince cewa irin haɗin da ke cikin Coartem ya dace da mai ciki ko a watanni uku na farko, don haka tsoron cewa magani zai taɓa cikin ba hujjar zama gida ba ce.

A ƙarshe dai ragamar tana hannun maza, mu daina kewaye-kewaye. Mace ba ta fita sai da izinin miji, kuɗin mota daga aljihunsa yake, kuma kalmarsa ɗaya ta isa ta kashe bakin maƙwabciya. A jihar Damagaram ta Nijar, tun 2008 aka kafa makarantun mazaje da taimakon wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, su kuma ja hankalin 'yan'uwansu maza su bar mata zuwa awo. Mu ma muna da wuraren zaman: majalisar ƙofar gida, masallacin unguwa, taron ɗaurin aure. Limamin da ke yi wa ango nasiha kan ci da sha da sutura, ya ƙara masa da awo. Iyayen amarya da ke cin bashi su cika ɗaki da kwanuka da kujeru, su sa gidan sauro mai magani cikin kayan ɗaki, a ɗaura shi tun daren farko, domin a watanni ukun da ba a shan ƙwaya shi kaɗai ne kariyarta. In zafi ya koro mutane tsakar gida, a fito da shi a ɗaura a can.

Malam, idan matarka ta yi ɓatan wata, musamman in na fari ne, kada ka jira goyon ciki. Ka nemi yayarta ko gwaggonta ta raka ta awo cikin satin nan, ka ba ta kuɗin mota da na ruwa. Da cikin ya shiga wata na huɗu, duk ranar da ta dawo ka tambaye ta ko ta haɗiyi ƙwaya ukun a gaban ma'aikaciya. In an ce babu, ka saya ta koma da shi ta sha a can, sannan ka duba katin ka riƙe ranar komawa.